Yadda Ƙwayar Bakteriya Take Tantance Abincinta

Ƙwayar bakteriya ba ta da baki kuma ba ta da ido, amma duk da haka ba kome take haɗiya ba. Jikinta a lulluɓe yake da wani tantani mai maiƙo, wanda sukari da gishiri ba su iya ratsa shi da kansu. Saboda haka sai ta tanadi waɗansu furotin masu aikin dako, kowane da irin kayan da yake ɗauka.

A cikin irin su Salmonella, dakon yakan fara ne daga wani furotin da ke shawagi tsakanin tantanin waje da na ciki. Siffarsa kamar ƙwarya biyu ce da aka haɗa bakinsu a gefe guda. Da zarar abin da yake nema ya faɗa tsakani, sai su kife a kansa, su raba shi da ruwan da ke kewaye da shi, sa'an nan su miƙa shi ga ƙofar da ke jikin tantanin ciki.

To, yaya yake gane nasa? Akan ce ai sha'anin kuba ne da mabuɗi. A ganina wannan kwatanci ya gaza. Mu duba sinadaran salfet da fosfet, waɗanda ƙwayar take bukatar kowannensu. Girmansu kusan ɗaya ne, siffarsu ma haka, watau ƙwayar zarra guda a tsakiya da oksijin huɗu kewaye da ita. In da siffa kaɗai ce ma'auni, da ɗan dako ɗaya ya wadatar.

A shekarar 1985 Florante Quiocho na Jami'ar Rice a Amurka, tare da abokin aikinsa, suka bayyana cewa furotin mai kama salfet yana riƙe shi da ɗaurin haidurojin 7, kuma dukansu daga wajen furotin suke fitowa. A 1990 aka ga na fosfet, mai ɗauri 12. A nan ne asirin ya tonu. Fosfet yana tafe da haidurojin nasa na kansa, salfet kuwa ba shi da ko ɗaya. A cikin ramin furotin na fosfet akwai wani yanki mai suna asfatet, wanda yake karɓar wannan haidurojin. In salfet ya shigo hannu rabbana, sai cajinsa ya yi karo da na asfatet, tun da iri ɗaya ne, a ingije shi waje. Shi ma fosfet, in ya je ramin salfet, ba ya samun mai karɓar haidurojin ɗinsa, dole ya wuce.