Bambance Magarya da Kurna da Magaryar Kura

Magarya da kurna da magaryar kura dangi ɗaya ne, wanda masana tsirrai ke kira Ziziphus. Furanninsu ƙanana ne, kore-kore masu sirkin rawaya, ƙayarsu kuma galibi bibbiyu ce, ɗaya miƙaƙƙiya, ɗaya lanƙwasasshiya. Saboda haka fure da ƙaya ba sa raba gardama, sai an duba ganye. Idan aka juya ganyen magarya, za a ga bayansa fari-fari da gashi mai laushi. Na kurna kuwa kore ne ciki da bai, kuma itaciyar takan girma sosai. Ganyen magaryar kura ya fi faɗi da sheƙi, 'ya'yanta jajaye ne masu ɗaci-ɗaci. Ya kyautu malami ya shigo aji da reshen kowace, domin ɗalibin birni kan kira dukkansu magarya, sauran sunayen biyu su ɓace masa.