Yadda ake cire tsatsa daga manyan ƙarafa

A Bagudo da Lolo, damshin Kogin Neja ba ya raga wa ƙarfe. Garma ko injin ban-ruwa ya yi damina guda a fadama, sai ka ga ya yi ja, domin ruwa da iska ne ke haifar da tsatsa.

Masu walda kan fara kakkaɓe ɓawon da guduma, su bi da burushin waya har farin ƙarfe ya bayyana. Lungun da burushi bai kai ba, a jiƙa shi da ruwan khal ya kwana, a wanke, a shanya. Shafa baƙin mai kan tsatsa rufa-rufa ne kawai. A shafa jan fenti a ranar da aka gama cire tsatsar, kafin raɓa ta sauka. Mai gurzar kuma ya sa tabarau.