Daga Hanta Zuwa Shayi: Yadda Ake Jera Ɗanɗano a Nguru da Gashuwa

A manyan biranen Turai akwai gidajen abincin da ba kai ke zaɓar abin da za ka ci ba. Kana zama, mai girki zai riƙa aiko maka da 'yan faranti bi da bi, shida ko goma, kowanne bai wuce loma biyu ko uku ba, kuma kowanne da abin shan da ya dace da shi, galibi giyar inabi. Masu girkin Faransa ne suka yayata salon a shekarun 1970. Gidan elBulli na ƙasar Sifen kuwa, kafin a rufe shi a 2011, yakan jera wa baƙo faranti talatin a zama ɗaya. Giya dai ba tamu ba ce, addini ya hana. Amma sanin abin da ya kamata harshe ya fara taɓawa da abin da zai biyo baya, wannan ilimi ne da masu cin dare a Nguru da Gashuwa suka daɗe da shi.

A duba teburin mai nama bayan sallar isha'i. Nguru garin nama ce tun da jirgin ƙasa ya iso daga Kano wajen 1930, aka riƙa yanka shanu ana tura busasshen nama kudu. Ka tsaya, kafin ka ce uffan ya yanko 'yar tsoka, ya dangwala ta a yaji, ya miƙo maka a bakin wuƙa: "Alhaji, taɓa ka ji." Idan ka ce a haɗa maka, ka bar masa zaɓi ke nan, kuma gwani ba ya yanka da ka. Zai sa hanta, ya sa ƙoda, ya ƙara tsoka da tumbi, ya ɗora ɗan tozo da albasa. Mai sanin ci da hanta yake farawa, domin tana hucewa ta bushe ta yi gari a baki. Tozo da kitse sai ƙarshe, don maiƙo yakan lulluɓe harshe, duk abin da ka ci bayansa sai ka ji shi salam. Haka yaji: ƙuli-ƙuli da citta da kanumfari suna ƙara wa nama armashi, amma wanda ya fara da tulin barkono ya kashe bakinsa tun a lomar farko.

Akwai lissafin kasuwa a ciki. Mahauci dabba guda ya yanka, ba tsoka zalla ba, kuma a zafin arewacin Yobe nama ba ya jiran gobe. Haɗin nan shi ke sa kayan ciki su tafi tare da tsoka. Mai girkin Paris ma dalilinsa ke nan: idan kowa abu ɗaya zai ci, ya san adadin da zai sayo, asara ta ragu.

Gashuwa kuwa, hedikwatar masarautar Bade, kifi ne gadonta. Kogin Hadeja da na Jama'are suna bazuwa cikin fadama kafin su haɗu su zama kogin Yobe da ya ratsa gefen garin. Nan ma akwai tsari. Karfasa farin nama gare ta, ɗanɗanonta ba ya da ƙarfi, ita ake fara ci, soyayya ko gasasshiya. Tarwaɗa mai maiƙo ce, ta fi dacewa da farfesu. Banda, wadda hayaƙi ya ratsa, tana danne duk abin da ya zo bayanta, shi ya sa gurbinta miya ne a kan tuwon shinkafa ko burabusko. Ruwa ke tsara wannan jeri: in ambaliya ta ja da baya bayan damina kifi ya wadata, in rani ya tsananta banda ta karɓi fage. Abin takaici, tun da aka gina madatsun Tiga da Challawa ambaliyar ta ragu, ciyawar kacalla kuma ta toshe hanyoyin ruwa da dama, masunta na ji a jikinsu.

Saura abin sha, inda a ganina aka fi nuna gwaninta. Tsamin zoɓo ko na kunun tsamiya yana yanke maiƙo, ya tsinka yawu, ya wanke baki don loma ta gaba. Baƙin shayi mai kauri yana da ɗan bauri da ke kama dasashi. Sinadarin da ke jawo shi iri ɗaya ne da na jar giyar da Turawa ke sha da jan nama, don haka mai shayi da mai tsire ba sa nisa da juna. In barkono ya kama ka kuwa, kada ka nemi ruwa. Zafinsa a mai yake narkewa, ruwa sai dai ya baza shi. Nono ko kindirmo ke kashe shi, amma furar da aka dama da nono tana da nauyi, in ta riga nama shiga ciki ba za ta bar masa wuri ba.