Jiragen Ruwa Masu Aiki da Lantarki: Wane Amfani Za Su Yi a Fadamun Haɗejiya da Nguru?

1.0 Gabatarwa

Wanda ya tashi daga Gagarawa Tasha, ya bi tsohuwar hanyar dogo wadda ta ƙare a Nguru, zai bar ƙasar jigawa da rijiyoyi masu zurfi, ya shiga ƙasar ruwa inda kwale-kwale yake matsayin jaki. A wannan maƙala za mu duba ko injin lantarki zai iya maye gurbin injin fetur a ƙananan jiragen da ke ɗaukar baƙi masu yawon buɗe ido da 'yan fito a wannan yanki.

2.0 Asalin Abin

Jirgin lantarki ba sabon abu ba ne. Tun a 1839 Moritz von Jacobi ya tuƙa irinsa a kogin Neba na ƙasar Rasha, sa'an nan a 1881 Gustave Trouvé ya gwada ƙaramin inji mai baturi a kogin Sen na birnin Faris. Arhar fetur ce ta danne wannan fasaha. Amma duk da haka, a tafkin Königssee na Jamus jiragen lantarki ne ke jigilar baƙi tun 1909.

3.0 Dalilan da Suka Shafe Mu

Dalili na farko shi ne tsabtar ruwa. Yawancin ƙananan injunan da ake maƙalawa a bayan jirgi suna shan fetur ne gauraye da baƙin mai, kuma wani kaso nasa yakan fita ta salansa bai ƙone ba, ya bi ruwa. Wannan ruwa kuwa shi ne wanda kifi ke ƙyanƙyasa a ciki, shanu ke sha, manoman rani ke ban ruwa da shi.

Na biyu shi ne ƙara. Fadamun nan masauki ne na tsuntsaye masu ƙaura daga Turai, abin da ya sa aka shigar da tafkin Nguru cikin jerin Ramsar a 2000, aka bi da Baturiya a 2008. Baƙon da ya zo kallon tsuntsu ba ya buƙatar injin da zai tashe su tun daga nesa.

Na uku shi ne kuɗi. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, kuɗin mai ya ninka. Rana kuwa kyauta take fitowa, kuma mutanen Gumel da Maigatari sun riga sun saba da farantan hasken rana a kan rijiyoyin burtsatse.

4.0 Matsaloli

Lalle ne mu faɗi inda gizo ke saƙa. Baturi yana da nauyi da tsada, kuma ƙarfin da yake ajiyewa bai kama ƙafar na fetur mai nauyinsa ba. Saboda haka ya fi dacewa da gajeriyar tafiya a ruwa mai kwanciya, watau irin ta shaƙatawa. Bugu da ƙari, kachalla ta toshe magudanai da yawa tun bayan da madatsun Tiga (1974) da Challawa (1992) suka sauya yanayin ambaliya, ciyawa kuwa tana naɗe farfela ko wane iri ne injin. Sa'an nan mataccen baturin dalma guba ne. Abin da dalma ta yi wa yara a Zamfara a 2010 ya isa ishara.

5.0 Kammalawa

Shawararmu ita ce a fara da jiragen baƙi a Baturiya da Dagona, a gina rumfar caji ɗaya a bakin mashigi, a koya wa makanikan gari gyara, a kuma tanadi hanyar karɓar tsofaffin batura. Kada a yi wannan ba tare da sarakunan ruwa da masunta ba, domin su ne suka san zurfi da tudu. In gwajin ya yi kyau, masu fito da kansu za su nemi injin.