Wayar lantarki a kan katanga: abin da take iyawa da abin da ba ta iyawa

Wanda ya zagaya wasu unguwannin Yamai, Maraɗi ko Damagaram zai lura cewa kan katanga ya canza kama. A da fasassun kwalabe ake kafawa a siminti, daga baya aka koma waya mai ƙaya da mai reza. Yanzu a bankuna, ofisoshin jakadanci, mangazoji da wasu manyan gidaje, siraran wayoyi ne a jere, tare da ɗan allo ruwan ɗorawa mai gargaɗin cewa akwai wuta. Mutane da yawa na ɗauka cewa da an kafa su an gama da ɓarawo. Gaskiyar ita ce aikin waɗannan na'urori biyu ne kawai: su tona asirin mai haurawa, su kuma ɓata masa lokaci. Sauran aikin na mutum ne.

Yadda wayar ke aiki

Ba don ɓarayi aka fara ƙera ta ba. Manoma ne suka fara amfani da ita don tsare dabbobi, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka yi fice a kanta shi ne Bill Gallagher na ƙasar Niyuzilan, a shekarun 1930. Daga gona ta shigo gari.

Zuciyar tsarin wani ɗan akwati ne da ake kafawa a cikin gida. Yana karɓar wutar gida ko ta batir, ya tara ta, sannan ya sake ta cikin wayoyin a matsayin bugu ɗaya mai ƙarfi, wanda kan kai bolt 5.000 zuwa 10.000. Adadin na da ban tsoro, amma bugun gajere ne ƙwarai. Ƙa'idar hukumar IEC, mai tsara ma'aunin kayan lantarki a duniya, ta ce kada bugun ya wuce kashi ɗaya cikin ɗari na daƙiƙa, kuma kada a yi fiye da bugu ɗaya a daƙiƙa. Tsakanin bugu da bugu babu wuta a jikin wayar. Wannan tazarar ce ke ba wanda ya taɓa damar janye hannunsa. Zai ji zafin da ba zai manta ba, amma ba a ƙera na'urar don ta kashe shi ba.

Wayar na fita daga akwatin, ta zagaya katanga, ta dawo cikinsa. Akwatin na auna bugun da ya dawo. Idan an yanke wayar, ko an danne ta har ta taɓa ta kusa da ita, ko an jefa mata ƙarfe, bugun zai ragu ko ya ɓace, sai jiniya ta tashi. A babban wuri ana raba katangar kashi-kashi, don mai gadi ya san ko gabas ce aka taɓa ko yamma.

Na'urorin da ke gani ba tare da bugu ba

Akwai wasu da ba sa bugun kowa, sanarwa kawai suke yi. Na farko shi ne ɓoyayyen haske, wanda ido ba ya gani. Ana kafa na'ura biyu suna kallon juna a kan katanga, ɗaya na aika hasken, ɗaya na karɓa. Duk abin da ya gitta tsakaninsu ya katse hasken, sai ƙararrawa ta buga. Masu kyau na aika layi biyu ko huɗu a lokaci guda, kuma ba sa kuka sai an katse su tare, don kada tsuntsu ko ganye ya tashe su.

Na biyu shi ne mai jin ɗumin jiki. Shi ba ya aika komai, yana lura ne da bambancin zafi tsakanin abin da ke motsi da wurin da ke bayansa. Shi ake yawan haɗawa da fitilar da ke kunna kanta idan mutum ya matso.

Na uku igiya ce da ake ɗaurawa a jikin shingen raga, tana jin girgiza idan ana hawa ko ana yankawa. Wasu da zaren gilashi ake yin su, irin wanda ke ɗauko intanet, kuma suna iya tsare shinge mai tsawon kilomita da yawa. Irin wannan sai filayen jirgin sama da manyan masana'antu. Kyamara kuma ita ce ke tabbatarwa: jiniya ta ce an taɓa, kyamara ta nuna ko mutum ne ko kyanwa.

Inda yanayin Nijar ke kawo cikas

Yawancin waɗannan kaya a wasu ƙasashe aka ƙera su, kuma yanayin Sahel na gwada su ta hanyoyi da dama.

Na farko busasshiyar ƙasa. Kafin mutum ya ji bugu sai wutar ta bi ta jikinsa ta koma akwatin. A shingen gona ta ƙasa take komawa, amma busasshen yashi ba ya ɗaukar wuta sosai. Shi ya sa a kan katanga ake jera wayoyin bi da bi, ɗaya mai wuta, ɗaya ta komawa, yadda mai kutsawa zai taɓa biyun tare. Ana kuma kafa sandunan ƙarfe da yawa a ƙasa, a wuri mai ɗan danshi. Ma'aikacin da ya kafa guntun rodi ɗaya a yashi ya tafi, rabin aiki ya yi.

Na biyu zafi. A watannin Afrilu da Mayu zafi kan haura digiri 40, katangar siminti kuma na riƙe shi har cikin dare. Idan zafin bango ya yi kusa da na jikin mutum, na'urar jin ɗumi na rasa bambancin da take dogara da shi, sai ganinta ya ragu. Zafin na kuma cin batir. Batir irin na gubar dalma, wanda ake sa wa yawancin akwatunan, rayuwarsa kan ragu da kusan rabi duk lokacin da zafin wurin ya ƙaru da digiri 10 a kan 25. Akwatin da aka kafa a ƙarƙashin kwano, ko inda rana ke dukansa, ba zai daɗe ba.

Na uku ƙurar hunturu da ruwan damina. Ƙura na rufe idon na'urar ɓoyayyen haske da na kyamara. Da damina kuma reshen dogon yaro da ya jiƙe, idan ya kwanta kan waya, yana zuƙe wutar ya tayar da jiniya ba dalili. Tsawa ma na iya bi ta wayar ta ƙone akwatin idan ba a sa masa makarin tsawa ba. Kukan banza shi ne babban abokin gaban tsarin. Jiniyar da ta tashi mutane sau biyar a dare ɗaya saboda ƙadangare ko reshe, a na shida ba wanda zai fito, wani maigidan ma kashe ta yake yi gaba ɗaya.

Na huɗu ɗauke wuta. Mutanen Nijar ba su manta da watan Agustan 2023 ba, lokacin da Najeriya, wadda a wancan lokacin take ba ƙasar kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin da NIGELEC ke rabawa, ta katse layin sakamakon takunkumin CEDEAO. Ko ba takunkumi, yankewar wuta a lokacin bazara ba baƙon abu ba ne. Akwatin ba ya cin wuta da yawa, ƙaramin farantin hasken rana da batir mai lafiya sun ishe shi. Amma idan batirin ya mutu ba a sani ba, wayar ta zama ado, kuma a daren da unguwa ta yi duhu ne aka fi bukatarta.

Haɗarin jona waya da wutar gida

Wasu, don gudun kuɗin akwatin, kan jona wayar katanga ko ƙofar shago kai tsaye da wutar gida. Wannan tarkon mutuwa ne. Wutar gida bolt 220 ce kawai, amma ba ta tsayawa. Idan ta kama hannu tana sa jijiyoyi su ƙanƙame, mutum ya kasa saki, kuma tana iya hargitsa bugun zuciya cikin daƙiƙoƙi. Ba ta san ɓarawo ba, ba ta san yaron da ya hau ɗauko ƙwallo ba, ba ta san matar maƙwabci da ta shanya jiƙaƙƙen zane ba. Wanda wayarsa ta kashe rai zai amsa a gaban shari'a, kuma cewa ɓarawo ya nufa ba ya dawo da wanda ya mutu.

Ko da akwati na gaskiya, akwai iyaka. Ƙa'idar IEC ta hana sa wuta a waya mai ƙaya ko mai reza, domin wanda ya maƙale a cikinta ba zai iya janyewa ba, sai ya yi ta shan bugu. A Afirka ta Kudu, inda wannan waya ta yaɗu sosai, tun 2012 doka ta wajabta takardar shaidar inganci daga ma'aikaci mai rajista. Ƙa'idarsu ta ce katangar da za a ɗora wa waya ta kai aƙalla mita 1,5, a kuma rataya allon gargaɗi a kowace mita 10 a cikin gari. A unguwannin da gidaje ke haɗa katanga, yara kuma ke wasa a titi har dare, ya fi kyau katangar ta wuce haka, a kuma shaida wa maƙwabci kafin a kunna.

Wa zai fito idan ta yi kuka?

Masana tsaro na auna kowane tsari da tambaya ɗaya: lokacin da ɓarawo ke bukata ya gama aikinsa ya fi lokacin da agaji ke bukata ya iso? A ce ɗan kasuwa na da mangaza a bakin gari, gidansa kuma tafiyar minti 20 ce. Idan haura katanga da fasa kwado ba su wuce minti 5 ba, saƙon da zai shigo wayarsa labarin sata kawai zai ba shi. Abin da zai cece shi shi ne mai gadi a wurin, ko maƙwabtan da aka yi yarjejeniya da su, da ƙofar ƙarfe mai ƙwari da za ta ƙara wa ɓarawon mintoci.

Akwatuna da yawa na da wurin sa layin waya, su aika saƙo ko su kira maigida. Layin Airtel, Moov, Zamani ko Niger Telecom duk na iya yi, muddin akwai kuɗi a ciki kuma ba a rufe shi ba. A rubuta lambar ƴan sanda, 17, da ta ƴan kwana-kwana, 18, inda mai gadi zai gani.

Kafin a biya ma'aikaci, a sa shi ya auna ƙarfin wutar a ƙarshen wayar, ba a bakin akwati kawai ba. A kashe wutar gida a ga ko batir ya ɗauka. A haɗa waya biyu da gangan a ji ko jiniya ta tashi, a ga ko saƙo ya shigo. A duba ƙofar gida da kusurwoyi, da bishiya ko tulin bulo da ke jingine da katanga ta waje, domin sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Bayan haka a riƙa maimaita gwajin kowane wata, a sare rassa kafin ruwan farko, a goge idon na'urori bayan kowace ƙura.