Daga Dutsin-Ma zuwa Kurfi a kan sirdin keke: abin da kwalta ke ɓoye mana

Tsakanin Dutsin-Ma da Kurfi hanya iri biyu ce. Akwai wadda kowa ya sani, wato shimfiɗaɗɗiyar kwaltar nan da ta miƙe arewa ta nufi Birnin Katsina, wadda mai mota ke cinye ta kafin ya gama sauraren labarun rana a rediyo. Akwai kuma ɗayar, wadda ba ta da allon suna, ba a taɓa yanka mata kyalle a bikin buɗewa ba, kuma a gaskiya ma tarin hanyoyi ne da suka sarƙe da juna, daga burji zuwa burtali, daga burtali zuwa 'yar siririyar turbar da sawun mutane da kofaton jakuna suka fitar. Ita ce ke haɗa unguwanni da rugage da gonaki da manyan garuruwan yankin irin su Birchi da Wurma da Barkiya a ƙasar Kurfi, ko Karofi da Shema da Makera a ƙasar Dutsin-Ma. A kan wannan hanya ta biyu gero da dawa da gyaɗa da waken da muke saye a kasuwa suke fara tafiyarsu, kuma ita ce mafi yawanmu 'yan boko ba mu taɓa takawa ba.

Aiki ne ya sa na san ta. Fannina kimiyyar harshe ne, kuma mai neman jin Katsinanci tsantsa, inda har yanzu ake cewa "shina hwaɗi" da "mi kake biɗa", dole ya sauka daga kwalta, domin bakin titi rediyo da fina-finan Kano sun riga sun goge masa harshe. Mota ba ta shiga mafi yawan wuraren, babur kuwa a shekarun nan baƙo ya shiga ƙauye da shi sai a yi ta kallonsa da ido biyu. Shi ya sa na sayi keken doguwar tafiya na hannu, irin wanda Turawa ke ƙerawa don ɗaukar kaya da cin nisa: jikinsa ƙarfe ne da kowane mai walda zai iya gyarawa, tayarsa ta fi ta keken tsere faɗi, yana da giya mai laushi ta hawan tudu, da kariya gaba da baya inda nake rataya jakunkuna biyu. Ɗaya na ɗauke da rakoda da littafin rubutu, ɗayar kuma famfo da tif na canji da sholisho da faci da gorar ruwa biyu.

Kafin in shiga zancen hanya, mai karatu zai yi mini uzuri in ɗan tsaya a kan kalmomi, tun da kowa da kiwon da ya karɓe shi. Kalmar keke daga Yarabanci muka aro ta, sa'an nan muka shimfiɗa ta a kan duk abin da ke juyawa, har muka sami keken ɗinki da keken rubutu da keken guragu. Amma da Bahaushe ya zo raɗa wa sassan keke suna, sai ya yi wani zaɓi mai ban sha'awa. Mazaunin ya kira shi sirdi, kalmar da ya aro daga Larabci tun zamanin da doki ne abin hawan manya. Bai kira abin takawa likkafa ba, ya ce feda. Bai kira abin riƙewa linzami ba, ya ce kan keke. Burki da ceni da sifoki duk ya bar su da sunayensu na Turanci. Sirdi kaɗai ya ɗauko daga barga, kuma ina ganin wannan shaida ce cewa lokacin da keke ya shigo ƙasar Hausa abin girmamawa ne, hawan malamin makaranta da akawun En'e da ɗan kasuwar da ya yi ribar gyaɗa. Dattawa na nan da ransu da za su ba ka labarin angon da aka san arzikinsa da sabuwar Rale, har kamfanin Raleigh ya ga kasuwar ta isa ya kafa masana'anta a Kano.

Kalmomin hanya su ma haka suke. Titi da kwalta aro ne, kuma ɗan birni da su biyun yake rayuwa. Amma manomin ƙasar Kurfi in ka tambaye shi hanya zai rarrabe maka gwadabe da burtali da labi da turba, ya gaya maka inda za ka tarar da jigawa, inda fako yake, inda za ka gangara fadama, da mashigin da ya fi sauƙi a rafi. Ban fahimci cewa kowace ɗaya daga cikin waɗannan kalmomi umarni ce ga mai keke ba sai da na ji su a cinyoyina.

Ɗauki burji tukuna. Idan an zuba jar marmara aka daddaɓe ta, aka yi mata doro a tsakiya yadda ruwa zai zurare gefe, babu hanyar da ta fi ta daɗin keke. Sai dai irin wannan ba ta cika shekara biyu ba tare da kulawa ba. Da rani tayoyin motoci masu gudu kan tattara ƙasar ta zama gargada, wasu ƙananan kunyoyi a jere kamar an yi huɗa a gicciye, waɗanda ke girgiza mutum tun daga wuyan hannu har haƙora, su kwance duk wani noti da bai ɗauru ba. Dabarar ita ce a rage wa taya iska kaɗan, a sassauta riƙon kan keke, a ɗan ɗaga jiki daga sirdi, a kuma nemi ɗan siririn layin nan na gefen hanya da masu keken da suka riga ka suka lallaɓe. Wannan layi bai fi tafin hannu biyu faɗi ba, babu injiniyan da ya zana shi, amma bai taɓa yaudarata ba. Inda ya kauce, akwai dalili.

Jigawa kuwa wani karatu ne dabam. Da zarar tayar gaba ta shiga yashi sai ta fara neman hanyar kanta, kuma wanda ya yi gardama da ita ya murɗa kan keke da ƙarfi, ƙasa zai sha. Ana komawa giya mai laushi tun kafin a shiga, a mayar da nauyi baya, a riƙa taka feda ba tsayawa. Idan yashin ya yi zurfi, kamar a cikin busassun rafukan da ke ratsa yankin, sai a sauka a tura, ba abin kunya ba ne. A burtali kuma abokin gaba ƙaya ce, domin manoma da rassan aduwa da farar ƙaya suke shinge, iska da dabbobi su watso su kan hanya, ga tsidau da ke kwance a ƙasa yana jira. Na taɓa yin faci uku tsakanin hantsi da azahar. Fako ne kaɗai wurin hutu, inda ƙasa ta yi tauri ta yi sumul, mutum ya sami damar ɗaga kai ya ga duwatsun nan da suka ba Dutsin-Ma sunanta, da kukoki da gawo a tsakiyar gonaki. Mafi kyawun lokaci shi ne kaka, daga ɗaukewar ruwa zuwa shigowar hunturu, sa'ad da ƙasa ke da sauran danshi. Da bazara ruwan gora biyu ba ya kai mutum azahar. Da damina kuwa rafin da ka tsallake da safe ƙafa a bushe yana iya hana ka komawa gida da la'asar.

To, ni don kaina na zaɓi wannan wahala, kuma kayana ba su kai kilo 15 ba. Mutanen da nake gamuwa da su ba zaɓa suka yi ba. Za ka ga mutum a kan tsohuwar Phoenix mai burkin ƙarfe, marar giya ko ɗaya, ya ɗaure buhun gero a kariya, yana tura ta cikin yashin da ni nake ƙorafi a kansa. Za ka ga mai jarkokin ruwa huɗu, da mai itace, da ɗan makarantar sakandare da ke cin kilomitoci kullum safe da yamma. Na tsaya a wani mashigi inda kwalbati ya karye shekaru da dama, mutanen wurin suka nuna mini zagayen da amalanken shanu ke yi idan za a kai mai naƙuda asibiti da damina, zagayen da ya ninka tafiyar. Duk wani rami a wannan hanya akwai wanda ke biyan kuɗinsa: ɗan acaɓa ya ƙara kuɗin hawa, mai motar kaya ya ƙi shigowa, ɗan kasuwar da ya daure ya shigo ya karya farashin hatsi tun a bakin rumbu. Hausawa na cewa jiki magayi, kuma wanda bai taɓa jin gargada a ƙashinsa ba da wuya ya ware mata kuɗi a kasafi.

A nan ne laifinmu 'yan boko yake. Mun mayar da keke alamar talauci, muka daina hawa, da muka daina hawa kuma sai muka daina ganin hanyar da ake hawansa a kai. Wani dattijo da na sauka gaishe shi a ƙofar gidansa, da ya ji inda nake aiki, sai ya dube ni ya dubi keken, ya ce, "Malam, lahiya dai ko? Mi ya samu motar?" Na ce, "Baba, lafiya lau take, hanyarku ce ba ta karɓar ta." Ya yi dariya ya ce ai shi ya sa masu motar ba su zuwa sai lokacin zaɓe. Masu karatu za su tuna yadda aka yi wa Ojo Maduekwe ba'a a 2001, sa'ad da yana ministan sufuri ya yi kira a koma wa keke, musamman bayan da wata bas ta ture shi a Abuja. Sai ga shi janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya yi abin da wa'azin minista ya kasa, malaman firamare da ƙananan ma'aikata da yawa suka kakkaɓe kekunan da suka jingine.

A wasu ƙasashe masu keke ne suka fara yi wa hanya faɗa. A Amurka ƙungiyar League of American Wheelmen, da aka kafa a 1880, ita ta jagoranci fafutukar gyara hanyoyin karkara tun kafin mota ta zama ruwan dare. A Ingila kuma tun 1955 akwai ƙungiyar Rough Stuff Fellowship, ta mutanen da ke barin kwalta da gangan su bi turbobin makiyaya a kan tuddan arewacin ƙasar masu sanyi da laka, da kekunan doguwar tafiya irin nawa. Yau wannan ya zama babbar kasuwa, ana ƙera kekuna masu tsada musamman don hanyar tsakuwa. Abin da Bature ke biyan kuɗi ya ɗanɗana ranar hutu shi ne manomin Rawayau ke yi dole da buhu a bayansa, bambancin kawai shi ne Baturen yana da ƙungiyar da ke magana da yawunsa.

Alhakin kuwa a rubuce yake. Jadawali na huɗu na Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi gina hanyoyi da kula da su, kuma abin dariya, jadawalin nan ne ya ba su ikon yanka wa kekuna da amalanke lasin. An yi hukumar DFRRI a 1986 zamanin Janar Babangida, ta fasa hanyoyin burji a faɗin ƙasar nan, da aka rushe ta babu wanda ya gaji kulawar, ruwa ya cinye mafi yawansu. Jihar Katsina na cikin jihohin da suka shiga shirin RAAMP na hanyoyin karkara da Bankin Duniya ke tallafawa, kuma a ranar 11 ga Yulin 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa bai wa ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye. Ra'ayina shi ne mu rage roƙon kwalta ga kowane ƙauye, domin kuɗinta ba za su taɓa isa ba, kuma kwaltar da aka yi ta da arha ta fi burji muni idan ta farfashe. Abin da na gani da idona ya fi wannan sauƙi: greda ta bi hanya sau ɗaya bayan kowace damina, a yashe lambatun gefe, a mayar da doron tsakiya, a gina kwalbati ko daɓen kankare a mashigan rafi. Maƙiyin burji ruwa ne, kuma mashigi guda da ya karye ya isa ya kashe hanya mai kilomita 10. Da shugabannin ƙananan hukumomin nan biyu za su hau keke da daraktocin ayyukansu rana ɗaya tak a watan Satumba, ba sa bukatar wani ƙwararre ya rubuta musu rahoton inda za a fara.

Saura batun da ba a iya tsallakewa. A watan Agustan 2019 'yan bindiga suka afka wa Wurma suka kwashi mutane da dama. A Satumban 2021 Dutsin-Ma da Kurfi na cikin ƙananan hukumomi 13 na jihar da aka katse wa layukan waya, a Oktoban 2023 kuma aka sace ɗalibai mata biyar na Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma. A cikin waɗannan shekaru taswirar inda nake iya zuwa ta yi ta tsukewa, musamman ta yamma wajen Safana da Batsari, kuma akwai tsofaffin da na fara ɗaukar maganarsu ban koma ba har Allah ya yi musu rasuwa, suka tafi da kalmomin da babu su a kowane ƙamus. Ba na fita sai na tambayi mai unguwa da masu faci na bakin kasuwa, waɗanda suka fi kowa sanin wace hanya ce ke da lafiya a wannan mako, kuma ba na bari la'asar ta same ni nesa da kwalta. Mutanen ƙauyukan sun sha gaya mini cewa ramukan da ke fasa mini taya su ne ke jinkirta motar jami'an tsaro idan an kira ta da dare, alhali baburan maharan ba su damu da kwalbati ba.