Tatsuniyar Marainiya da Takalmi: Kwatancin Wasu Ruwayoyi

Manufar wannan maƙala ita ce a kwatanta ruwayoyi huɗu na tatsuniyar da Turawa ke kira Sindarela, domin a ga abin da ya tsaya daram a cikinta da abin da kowace al'umma ta sāke. Tun a shekarar 1893 Marian Cox ta tattara ruwayoyi 345 na wannan tatsuniya da danginta. Gindin ruwayoyin nan huɗu ɗaya ne: yarinya ta rasa uwa, matar uba ta gallaza mata, wani abin al'ajabi ya agaje ta, takalmi ya zama shaidarta.

Ɗaya daga cikin tsofaffin ruwayoyin da aka rubuta ita ce ta ƙasar Sin, wadda Duan Chengshi ya rubuta a ƙarni na 9. Uban yarinyar mata biyu gare shi. Mai agajinta kifi ne, kishiyar uwa ta kashe shi, amma ƙasusuwansa suka ci gaba da biya mata buƙata. Takalmin na zinariya ne, kuma duwatsu ne suka halaka kishiyar da ɗiyarta.

A Faransa, Charles Perrault ya buga tasa a 1697, don masu karatu na fada. Shi ne ya fito da takalmin gilashi, da kabewar da ta zama keken doki, da aljana mai taimako. A nan babu ramuwa: yarinyar ta yafe wa 'yan matan, har ta aurar da su ga manyan fadawa.

Ta 'yan'uwan Grimm a Jamus, ta 1812, ta fi tsanani. Agaji na fitowa daga itaciyar da ke kan kabarin uwa da kuma tantabaru. 'Yan matan sun yanke yatsa da diddige don takalmin ya shige su. A bugu na biyu, na 1819, aka ƙara cewa tantabaru sun ƙwaƙule musu idanu. Wannan ya nuna ko rubutacciyar tatsuniya ba ta zama wuri ɗaya.

A ƙasar Hausa akwai irinta cikin tatsuniyoyin da Frank Edgar ya buga tsakanin 1911 da 1913, wadda William Bascom ya yi nazarinta a 1972. Yarinyar ɗiyar bora ce, mai agajinta kuwa kwaɗo ne da take jefa wa abinci a kududdufi. Abin lura shi ne, takalmin bai suɓuce mata ba. Kwaɗon ne ya umurce ta ta bar shi a wurin wasa, ɗan sarki ya tsinta.

Idan aka duba, za a ga babban bambanci yana wajen dalilin agajin. A Sin da ƙasar Hausa, sakayya ce ta alherin da yarinyar ta yi wa dabba. A Jamus, albarkar uwa ce da mutuwa ba ta yanke ba. A Faransa kuwa, gata ne na samun majiɓinci.

Fim ɗin Disney na 1950 ya bi Perrault, har yara da yawa suka ɗauka ita ce asali. Ya kamata malamin adabi ya kiyayi wannan kuskure. Wanda ya auna ruwayar Hausa da ma'aunin Perrault zai ga naƙasu inda babu shi, ya kuma rasa abin da take faɗa game da zaman kishi da makomar ɗiyar bora.